Rakodar da Na Gyara Har Ta Ɓaci

Duk wanda ya leƙo soron da nake aiki ya gan ni da auduga a bakin tsinke, sai ya tafi yana cewa ai gyaran rakoda shafe-shafe ne da hure-hure. Ku ma da kuka kafa tebura a bakin tashar Makarfi bana, haka kuka ɗauka. Kun sayi sukudireba biyu da kwalbar sifirit, kun rataye gawar rediyo a ƙusa, shi ke nan an zama injiniya. Wasu kuma cewa suke ba wata iyawa gare ni ba, don dai ni mace ce, ina shiga gidajen da aka rubuta wa maza ba shiga. Wannan akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba, amma ban taɓa ganin rakodar da ta warke don an yi mata sallama a tsakar gida ba. Abin da duk kuka kasa ganewa shi ne kunne ke yin aikin, hannu bin sa kawai yake yi. Shekaruna ba su kai talatin da biyar ba, amma a wannan sana'a na girme ku nesa, don haka ku zauna ku ji. Ni kaina ban sami kunnen ba sai da na kusa jawo wa wata baiwar Allah asarar fadamarta.

Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini. Tun ana sauke tutar Turawa yake gyaran garmaho da rediyon nan mai ƙaton batir kamar tubali. Rumfarsa na jikin ta masu mazarƙwaila a kasuwar Makarfi, shi ya sa duk rediyon da ta kwana biyu a hannunsa takan koma gida da kiyashi a ciki, kyauta. Wajen lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira, alhazai da 'yan ci-rani suka fara dawowa da rakoda, kowacce da 'yar takardarta ta Turanci. Kawu bai yi boko ba. Ni kuwa na gama sakandare a Zariya, ina zaune a gida ba abin da nake yi sai faɗa da ƙannena. Ya aika aka kira ni in karanta masa. Na karanta tsaf, na fassara, ina ta jin kaina. Ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce:

"To, 'yar boko, duk wannan na sani. Duba mini inda suka faɗi abin da ake yi idan an ɗura mata man gyaɗa."

Na duba gaba da baya, babu. Ya ce in ajiye takardar in ɗauko tsumma. Rakodar wani mai shayi ce daga Kudan, ta fara ƙara, shi kuma ya ga abin da ke yi wa kekensa magani ai ita ma zai yi mata. Kwana uku muna wanke ta. Rana ta huɗu ta yi waƙa, ni kuma daga ranar ban koma zaman banza ba. Kawu na kasuwa, ni ina soron gidansa. Abin da ya yi wa idonsa ƙanƙanta ya aiko mini, inda kuma aka ce cikin gida za a shiga wurin mata, ni ce mai zuwa.

Kayan aikinmu duka a cikin gwangwanin alewa ɗaya suke. Akwai ƙarfen dalma na liƙa waya da muke ɗorawa a kaskon garwashi, don wutar lantarki sai ranar da ta ga dama. Kawu kan kai shi kusa da kuncinsa ya ji ko zafin ya isa. Akwai siririyar sukudireba da ya wasa da kansa daga wayar tayar keke, ita kaɗai ke shiga ramin da ake saita gudu. Gashin kaza na share lungu. Tsinken tsintsiya, da audugar gonar maƙwabci, mu cire gurya da hannu. Biro na naɗe zaren kaset. Jan farce nawa ne, ni na shigo da shi sana'ar: ɗigo ɗaya a kan sukuru, ba ya ƙara motsi. Kawu ya yi wata guda yana cewa na mayar masa da rumfa ɗakin amarya, daga baya na kama shi ya sayi nasa. Sai babbansu duka, kaset ɗin gwaji. Wani mai goge ne aka ɗauka a wurin biki, yana jan tsirkiya dogon ja. Kalangu yakan rufa wa rakoda asiri, goge ba ya rufawa. Rawa ko ta ƙwayar gero ce a cikin gudu, jan nan sai ya tona ta.

Wata amarya a Paki ta aiko cewa rakodarta ta yi mura. Ina shiga ɗakin, ban taɓa komai ba, na ji mawaƙin kamar ya sa kansa a cikin tulu. Abu biyu ne ke kawo wannan: ko dai hed ya yi datti, wato ɗan ƙarfen nan mai sheƙi da zaren kaset ke gogawa a jikinsa, ko kuma ya karkace. Ina buɗewa ƙamshi ya buge ni. An gaya mata da sifirit ake goge shi, ba ta da sifirit, sai ta ɗauko turarenta na Makka mai maiƙo, wanda ya fi kowane tsada a lefenta. Na ce, "Amarya, wannan ba ango ba ne, ba ya son ƙamshi." Ta yi dariya har ta kifa a kan gado. Uwar mijinta ba ta yi ba.

Wani manomi daga Malikanchi ya ɗauro tasa a bayan keke, ya ce malamin da ke wa'azi a ciki ya koma magana kamar mai jin barci. Jan murya irin wannan, batir ake fara tambaya. Ya ce baturansa lafiya lau suke, kullum yana shanya su a rana tare da barkono, idan sun yi sanyi kuma ya ɗan daddanna su da haƙori. Na sa sababbi, malam ya farka. Ya tsaya yana kallona, wai ba zan buɗe ta ba? Na ce in don ya ji daɗi ne sai in buɗe in rufe. Idan batir sabo ne jan bai daina ba, to bel ne ya saki, robar nan da ke ɗauko juyi daga ɗan injin. Idan murya na karkarwa kamar mai zazzaɓi, 'yar tayar robar da ke matse zare ce ta bushe, ko ta sha mai. Idan rakoda na cin kaset, ita ce dai ta yi danƙo. Ɓarɓar ɗin da ke tashi lokacin da ake murɗa maɓallin ƙara sauti, datti ne. Wanda kuwa ba ya tashi sai an zo wurin ganga, takardar lasifika ce ta yage, ko kyankyaso ya tare a bayanta. Kowane ciwo da irin kukansa. Ku kuwa na gan ku, mai kaya bai gama sallama ba kun kwance sukuru shida.

Wani Bafulatani daga rugar da ke bayan Ikara ya taɓa kawo mini kaset a cikin ƙwarya, zaren duk a waje kamar taliya. Rakoda ta cinye, shi kuma ya fizgo. Wuni guda na yi ina warware shi a kan tabarma, ina lallashe inda ya tattare da bayan cokali, inda ya tsinke in yanka a karkace da reza in haɗa da ɗan salatif ta baya. Bai zauna ba, a tsaye ya wuni da sandarsa a wuya. Da ya ji sarewar da ke cikin kaset ɗin ta dawo ya karɓi abinsa ya tafi, har aka yi kaka kuwa ban sayi man shanu ba.

Ban ce na fi ku haƙuri a lokacin ba. Kawu yana da wata ɗabi'a da ke ƙona mini rai. Ba ya buɗe rakoda sai mai ita ya kawo kaset ɗin da ya fi ji da shi a gida, su zauna su saurara tare, yana tambaya: wa ya ɗauka, da wace rakodar, yaushe ta fara haka. Wani lokaci mutum ya koma har Ikara ɗauko kaset. Na sha ce masa, "Kawu, muna da na gwaji, takarda ta faɗi gudun da ake so, wannan ai zaman hira ne." Sai ya ce, "Takardarki ba ta san mutanen nan ba," ya ci gaba da abinsa.

Sai ga muguwar shekarar nan. Ruwa ya ɗauke dawa na cikin fid da kai, kaya kuma suka daina shigowa daga waje. Ka zaga Sabon Garin Zariya kaf babu bel, ka je Kano a ce ka dawo wani watan. Muka koma yanka tsohon tub ɗin keke da reza, siriri-siriri, ka yanka goma ɗaya ya yi daidai, shi ma sati uku ya saki. Batir ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Kasuwar Makarfi da a da ba ka jin maganar na kusa da kai, kowane mai rake da rakodarsa, kowane mahauci da tasa, mai wa'azi na gogayya da mai kalangu, ta yi tsit sai kukan jakuna. Sati kan wuce ban hura garwashi ba. A shekarar ne kuma idon Kawu ya fara yana. Ya bar mini gwangwanin, da sabon bel guda ɗaya tak na kamfani da ya daɗe yana ɓoyo a cikin ambulan.

A ƙarshen wannan shekarar aka kawo mini wata baƙar rakoda mai hannu daga wani ƙauye a bayan Taba. Mai ita, Hajo, da kanta ta kawo, a goye kamar jaririya. Ta ba arba'in baya, mijinta ya rasu, ta koma gidan ubanta da 'ya'ya huɗu. Uban, Malam Tanimu, ya yanka mata wani yanki na fadamarsa tun yana da rai, shekara uku ana noma mata rake a ciki, da shi take ci da yaran. A gaban shaidu biyu ya yi kyautar, kuma da yake mutum ne mai ji da rakodarsa, sai ya danna jan maɓalli ya faɗi iyaka da bakinsa. Da damina ya rasu. Shaida ɗaya ya riga shi, ɗayan ya tafi gabas ba a san ranar dawowarsa ba. Wanta, Ɗanjuma, ya ce aro ne aka ba ta, a mayar da shi cikin gado. Lokacin dasa rake ya matso, mai unguwa ya sa Asabar a zo a saurari kaset.

"Ƙanwata," in ji ta, "so nake ki wanke mata murya. Duk kaset ɗin kasuwa da na sa sai ya riƙa ja. Kada a je gaban maza ta ba ni kunya."

"Ina na Baban?"

"Yana ƙasan akwati. Tun da ya rasu ban sa shi ba, kuma ba na yawo da shi."

Da Kawu na nan da ya mayar da ita ta ɗauko. Yana Zariya wurin likitan ido. Ni kuwa wata biyu ban sami aikin kirki ba, hannuna ƙaiƙayi yake. Na buɗe. Bel ya saki har yana lilo, na cire na jefa a garwashi, na fito da na cikin ambulan na sa mata, don na ga aikin ya cancanta. Hed ya karkace, na miƙe shi, na ɗiga jan farce. Na wanke tayar roba, na saita gudu daidai da yadda takarda ta ce. Da na sa mai goge, ja ɗaya ya yi tun daga farko har ƙarshe ba ko gargada. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba. Ranar Alhamis da safe ta karɓa tana ta sa mini albarka.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga ta a bakin soro, da rakodar a hannu ba a goye ba, da kaset a ƙulle a haɓar zane.

"Ƙanwata, me kika yi wa Baba?"

Na sa. Wani ɗan yaro ne ke magana, da sauri, ta hanci, kuma daga cikin tulu. Kalma ɗaya cikin uku ake ganewa. Abin bai tsaya nan ba. Da ta gwada shi a ɗaki, matar Ɗanjuma na bayan zana tana tankaɗe, ta ji. Kafin magariba magana ta zaga ƙauye cewa Hajo ta je Makarfi ta sa wani yaro ya kwaikwayi mamaci. Jiya ana gardamar aro ne ko kyauta, yau ana cewa ta yi wa ubanta ƙarya yana kabari. Idan aka tashi a haka gobe, fadama ta tafi, sunanta ya bi ta.

Kawu ya dawo da filasta a ido ɗaya, yana kwance a kan tabarma yana jin mu.

"'Yar boko, ina tsohon bel ɗin?"

"Na jefa a garwashi."

"Hed fa?"

"Na miƙe shi. A karkace yake."

"Na san a karkace yake. Shekara huɗu Malam Tanimu na kawo mini ita, ina ganinsa a karkace ina ƙyale shi. Ni mahaukaci ne?"

Ga abin da takarda ba ta faɗa ba, ku riƙe shi. Rakoda da laifinta take ɗaukar magana. Idan tana tafiya a hankali ta ɗauka, to a wannan sanyin tafiyar kaɗai maganar za ta fito daidai. Idan hed ya rubuta a karkace, a karkace zai iya karantawa. Malam Tanimu da rakodarsa tare suka tsufa, duk abin da ya faɗa mata ita kaɗai ta iya maimaita shi. Ni na zo na mayar da ita yarinya.

Hed bai ba ni wahala ba. Na kankare jan farcen, na riƙa murɗa sukurun kaɗan-kaɗan har muryar ta fito daga tulu, haruffa suka dawo da kaifinsu. Gudu ne matsalar. Bel ya zama toka, amma akwai ɗan rami a bayan injin da ake sa siririyar sukudireba a rage. To, a rage zuwa ina? Ban taɓa jin Malam Tanimu ba. Kawu ya san shi, amma ya ce ba zai rantse a kan muryar da yake ji cikin hayaniyar kasuwa ba. Na ce wa Hajo ta tsayar da ni idan na zo wurin. Na rage kaɗan, ta ce shi ne. Na ƙara ragewa, ta ce wallahi shi ne. Duk inda na tsaya ubanta take ji. Ko da ma ta dace, wa zai karɓi kunnenta a kan fadamar da take nema?

Na ce kowa ya yi mini shiru. Na saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe sau huɗu, hannuna a cinya. Wannan ne karo na farko da na saurari wani abu ban riƙe sukudireba ba. A na uku na daina bin maganar, na koma bin abin da ke bayanta. Akwai akuya. Akwai turmi. Can wajen ƙarshe, bayan tsohon ya gama, akwai siririn kiran sallar la'asar.

"Yaya Hajo, wa ke muku kiran salla?"

"Ladan Audu mana. Tun ina yarinya shi ne."

"Yana nan da ransa?"

"Ko yau shi ya tashe ni."

Na mayar da gudun inda na same shi da safe, na bar bayan rakodar a buɗe. Kawu ya gane abin da nake nufi.

"A gaban maza za ki tona cikinta?"

"Idan na saita a nan, gobe su ce a nan na ƙera."

"To, ki rage baki idan mun je."

Na ce zan gwada.

Asabar muka hau a-kori-kura ni da Kawu. Zauren mai unguwa ya cika, Hajo da sauran mata na bayan ƙofa, ni aka ba ni gefen tabarma. Ɗanjuma dogo ne, manomin rake, kuma ba mugun mutum ba ne. 'Ya'yansa sha ɗaya, shekarar kuwa ta taɓa kowa. Yana ganin na fito da sukudireba ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, yanzu zama za mu yi yarinya ta ƙera mana ubanmu da tsinke? Wadda ta iya mayar da yaro tsoho ai kowa ma za ta iya mayarwa kowa."

Na manta da alkawarin da na yi wa Kawu. Na ce, "Malam, sukurun nan guda ɗaya ne, ba ya zaɓen murya. Abin da ya yi wa mutum ɗaya a kaset ɗin shi zai yi wa kowa a ciki. Ni na ɓata, ba 'yar'uwarka ba. In ka bari in gyara mu tashi. In kuma surutu za a yi, a ba ni ruwa in sha."

Kawu ya take mini ƙafa. Mai unguwa ya shafa gemu ya ce a kira Ladan.

Ladan Audu gajeren tsoho ne, ya shigo da carbi yana tambayar wa ya rasu. Ban gaya masa abin da zai ji ba. Na naɗe zare da biro zuwa ƙarshe, don in tsimi batir, na danna.

"Wannan wane ne yake kiran salla kamar an biyo shi da sanda?"

Wani ya ce, "Kai ne, Ladan."

"Allah ya kiyaye. Ni ko ranar da gobara ta tashi a rumbun liman ban yi wannan saurin ba."

Na rage, na mayar baya, na sake dannawa.

"Har yanzu ɗan makaranta ne."

Na ƙosa, na murɗa da yawa.

"To, yanzu kuma kin kawo mana bajimin sa."

Zaure ya ɗauki dariya, har Ɗanjuma sai da ya juya fuska. Na dawo a hankali. Mutanen da suka shekara talatin suna jin muryar nan sau biyar a rana duk suka zama masu gyaran rakoda: ƙara kaɗan, a'a ta wuce, dawo, dawo. Ban san ko sau nawa na naɗe zaren nan ba. Can sai Ladan ya ɗaga hannu. Ya rufe ido, ya ɗora muryarsa ƙasa-ƙasa a kan ta cikin kaset, suka tafi tare. Inda ya saba jan numfashi, nan na cikin ya ja. Da suka kai ƙarshe ya buɗe ido.

"Wannan ni ne. A lokacin ma da haƙorina na gaba."

Na dubi Ɗanjuma. "Malam, ka yarda Ladan ne?"

"Ladan ne."

Na zare sukudireba na miƙa masa ya riƙe. Na naɗe zare har farko kowa na kallon hannuna, na danna, na janye jikina. Murya ta fito mai kauri, a natse, da ɗan tari.

"Bismillahi. Ni ne Tanimu, lafiyata lau, da hankalina. Daga gindin giginya zuwa tsohuwar rijiya, a miƙe har bakin rafi, na ba Hajara. Kyauta na ba ta, ba aro ba. Kai, ku kore mini akuyar nan daga kan dawa. Ɗanjuma yana da tudu da sauran fadama, sun ishe shi in ya yi haƙuri. Yaron kirki ne, sai dai kunnen ƙashi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Dattawa suka riƙa cewa Allah ya jiƙan Malam. Ɗanjuma na kallon sukudirebar da ke hannunsa. Da aka jima ya ce a sake. Na sake.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ni ba zan yi musu da shi ba. Da ransa ma ban taɓa cin nasara ba."

Mai unguwa ya ce daga giginya zuwa rijiya na Hajara ne, a je a dasa rake, aka shafa fatiha. A nan gaban kowa na ɗiga jan farce a kan sukurun hed, a karkacensa, na rufe bayan rakodar. Na karya 'yan kunnuwan da ke bayan kaset ɗin, don kada wata rana wani ya danna ja bisa kuskure ya goge shi.

Muna jiran mota a bakin hanya Ɗanjuma ya biyo mu da sukudireba.

"Malama, idan na sami tawa rakodar na ari kaset ɗin, haka zai fito?"

"A'a. A cikin wannan kaɗai."

"Idan ta mutu fa?"

Na ga injin da idona, na san bai fi damina biyu ta rage masa ba. Na faɗa masa haka, don ban iya kwana-kwana ba. Ya gyaɗa kai, ya yi wa Kawu sallama, ya koma.

A bayan mota, a kan buhunan barkono, na fara tuna ɗakunan da na shiga a shekarun nan, daga Kudan har Malikanchi. Ba Hajo kaɗai ke da kaset a ƙasan akwati ba. Wata ɗanta ya yi mata sallama a ciki ranar da zai tafi Ikko, wata kakarta ce ke jero sunayen dangi, wani saukar karatunsa ce. Rakodoji nawa na miƙe wa hed, na cika wa gudu, na fito ina jin kaina, ba wanda ya biyo ni don babu fadama a cikin maganar? Waɗanda ban taɓa ba kuma, injinansu na nan suna tsufa.

Kafin mu shiga Makarfi na gama shawara. Na ce wa Kawu ranar kasuwa zan sayar da keken ɗinkin da Inna ta saya mini ban taɓa takawa ba, in sayo waya mai baki biyu da kwalin kaset marar komai. Zan haɗa kowace tsohuwar rakoda da rakodar rumfarmu mai lafiya, ta faɗi abin da ke cikinta da bakinta, tamu ta ɗauka a gudun da kowace rakoda za ta iya karantawa. Inda na riga na ɓata, in zauna da mutanen gidan mu nemo muryar. Ta Hajo ce farko, guda biyu, ɗaya nata ɗaya na wanta. Daga nan sai Paki, gida-gida, duk inda na taɓa sa hannu.

Kawu ya juyo da idonsa mai gani ya dube ni.

"Ke da ba ki iya zaman minti biyar ba? Kowane kaset sai kin zauna kin ji shi har ƙarshe, ba a yi masa sauri."

Na ce na sani. Litinin zan fara.